Kafin a Ƙara Sayen Wayar Sifika, a Kashe Fanka Tukuna

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni tsohon malamin kimiyya ne, ina zaune Mabera nan Sakkwato. Tun ina ɗalibi Zariya nij ji kiɗin taron makaɗan Turawa gidan wani malaminmu, abin yaz zauna min ga rai shekara arba'in. Da anka biya ni kuɗin sallama sai nis sa anka sawo min amfilifaya da manyan sifiku biyu na hannu daga Legas, wani yaro mai tura waƙoƙi ya cika min memori da kiɗin. To abin da nika ji bai kai rabin wanda nika tunawa ba. Wani wuri ba ka jin komi, in ka ƙara murya sai shi hwashe kamar aradu, har maƙwabcina ya aiko yaro. Hajiya ta yi hushi, ta ce na ƙone kuɗi ga bikin ɗiyarmu tahe, kuma ban hwaɗa mata gaskiyar abin da nib biya ba. Wani abokina ya ce wayoyin sifikun ne ba su da kyau, in sawo masu tsada. In saida kayan ne ko in ƙara kuɗi? In kuma akwai faya-fayen da anka ɗauka da kyau, a taimaka min da sunayensu.

Tsohon malami, Mabera

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka sayar, kada kuma ka ƙara wa kayan nan ko kwabo. Wanda ya sayar da kaya cikin ɓacin rai rabin kuɗinsa yake samu, wanda kuma ya ƙara kuɗi bai gano cutar ba, ya sayi maganin ciwon kai ne alhali ƙafa ke ciwo.

Bari in fara sallamar abokinka. Kai da ka shekara da shekaru kana koya wa yara dokar Ohm a kan allo, ka fi shi sanin abin da waya take yi. Tsakanin amfilifaya da sifika bai wuce mita biyu ko uku ba. Wayar tagulla mai girman murabba'in milimita 2.5, irin wadda ake wayarin gida da ita, ta isa har ta yi saura. Abin dubawa kawai shi ne ta zama tagulla ce har ciki, don kasuwa cike take da sanholo da aka shafa wa jan launi. Kankare bakinta da reza, in ka ga fari ka canza ta. Ka kuma tabbata jan baki yana kan jan baki a sifikun biyu, don in aka juya ɗaya, amon ƙasa yana ɓacewa kuma kiɗan ya rasa tsakiya. Maganar waya ta ƙare a nan.

Ɓarawon farko yana cikin memorin nan. Yaron bai cuce ka da gangan ba, sana'arsa ce ya cusa waƙa dubu a ɗan wuri kaɗan, kuma yawancin abin da ke kwamfutarsa MP3 ne mai kilobit 128 a daƙiƙa, wani ma an tatso shi ne daga bidiyo, an matse an sake matsewa. Faifan CD kuwa kilobit 1,411 yake bayarwa a daƙiƙa. Wato an zubar da kusan kashi goma cikin sha ɗaya na bayanin, an bar maka abin da injin ya yi tsammanin kunne zai fi lura da shi. Ga waƙar da murya ɗaya ce da ganga da fiyano, asarar ba ta cika fitowa ba. Amma ga mutum tamanin ko ɗari suna kiɗa lokaci guda, masu goge kaɗai sun kai hamsin, abin da ake fara zubarwa shi ne ainihin abin da ka ji a Zariya: iskar zauren, wutsiyar amo bayan an tsaya, da tazarar da ke tsakanin mai sarewa da mai ƙaho. Sai gogen ya koma kamar ana yaga leda.

Yanzu ga abin da ya sa maƙwabcinka ya aiko yaro. Wannan ba lahani ba ne, haka aka gina kiɗan. Waƙoƙin da muke ji a mota da gidan biki an danne su ne a situdiyo yadda farko da ƙarshe za su zo da ƙarfi ɗaya, don a ji su cikin hayaniyar kasuwa. Kiɗan da kake so kuwa dukiyarsa tana cikin nisan da ke tsakanin raɗa da tsawa, kuma gwargwadon kyawun ɗauka, gwargwadon yadda aka bar wannan nisan bai taɓu ba. CD na iya riƙe tazarar desibel 96, wato ma'aunin ƙarfin sauti. Falonka ba zai iya ba. Fankar sama tana juyawa, firiji yana gurnani, janaretan maƙwabta yana kuka, babura suna wucewa. Duk wannan ya cika ƙasan rijiyar, sai raɗar ta nutse. Kai kuma ka murɗa don ka kamo ta, da tsawar ta zo sai ta zo a ninke. Matsalarka rashin shiru ne, kuma ba a sayar da shiru a kasuwar Alaba ta Legas.

Sa'arka ɗaya, kai mai ritaya ne. Hantsi naka ne, daga ƙarfe tara zuwa sha ɗaya, yara sun tafi makaranta, magidanta sun fita, rana ba ta kai ga tilasta fanka ba. Kuma garinmu yana da wata biyu da Allah ya yi su kamar don mai irin son ka: Disamba da Janairu, lokacin da hunturu ke sa kowa ya kashe fanka ya rufe taga. A watan Afrilu, da zafi ya haura digiri 40, kada ka wahalar da kanka, ba mai iya zama a rufaffen ɗaki don goge. Lokacin ka koma abin sawa a kunne mai rufe kunnen gaba ɗaya, in kana da shi, ka bar amfilifayar ta huta, don ita ma zafi ne ajalinta. Kada a ɗora mata komai a kai, a rufe ta da ƙyalle saboda ƙura in ba a aiki da ita, a cire ƙyallen in an kunna. Kada kuma ka jona ta kai tsaye da ƙaramin janareta. In akwai sola da inbata mai ba da wuta sumul, ta fi, ga shiru ga kwanciyar hankali.

Yadda za ka saita murya kuwa: nemo wurin da ya fi ƙarfi a kiɗan, galibi minti biyun ƙarshe, ka daidaita shi yadda zai cika ɗaki ba tare da ya haura katanga ba, sannan ka koma farko, kada ka sake taɓa maɓallin. Kunnenka zai sauko da kansa ya sami raɗar cikin minti biyu ko uku, kamar yadda ido ke sabawa da duhun ɗaki in an shigo daga rana. Maɓallan ƙarin kauri da ƙarin kaifi duk ka mayar da su tsakiya. In amfilifayar tana da wanda aka rubuta wa Loudness, na dare ne, lokacin da aka rage murya sosai, domin kunnen ɗan Adam yana fara rasa amon ƙasa in sauti ya yi rauni. Da rana a kashe shi.

Sai ɗakin. Tsaya tsakiyar falon ka tafa hannu sau ɗaya. In ka ji wani ƙaraurawa yana biyo baya, tayil da siminti da silin suna wasan ƙwallo da sautinka. Babbar darduma tsakaninka da sifikun, labule mai kauri, kantar littattafanka a bango ɗaya, sun fi duk wayar da abokinka zai kawo. Janye sifikun daga bango kamar kamu ɗaya ko biyu, kada su shiga lungu, su da kujerarka ku zama kusurwa uku masu tsawo ɗaya, ƙananan bakunan da ke fitar da siririn sauti su yi daidai da kunnenka in kana zaune. Na san a gidajenmu sifika ɗaya kan tafi kan kabad, ɗayar bayan kujera, inda dai aka sami wuri. Haka ba za ka taɓa jin inda kowa yake zaune ba.

To, faya-fayen. Ka riƙe abu ɗaya kafin sunaye: a wannan kiɗan, wanda ya rubuta daban, waɗanda suka kaɗa daban. Abu ɗaya an ɗauke shi sau ɗari, a zaure ɗari, ƙarƙashin madugu ɗari, wato mai jagorantar makaɗan. Don haka in kana nema, sunan madugun da garin makaɗan da shekarar su ne adireshi. Sunan kiɗan kaɗai kamar ka ce a kai ka gidan Malam Bello ne a Sakkwato.

Fara da The Young Person's Guide to the Orchestra na Benjamin Britten, wanda shi da kansa ya jagoranci makaɗan London Symphony suka ɗauka wa kamfanin Decca a 1963. Minti goma sha bakwai ne kacal, kuma malami zai so shi, don darasi ne. Karin waƙa ɗaya ne, kowa ya kaɗa shi tare, sannan a bi kayan kiɗan ɗaya bayan ɗaya: sarewa, algaitarsu, goge ƙanana da manya, ƙahoni, tambura, a ƙarshe a sake haɗa su. Da shi za ka gwada zaman sifikunka. Ƙananan goge su fito ta hagu, manyan ta dama, masu busa a tsakiya can ciki, masu ganga a bayan kowa. In duk sun dunƙule wuri guda, tashi ka gyara kujera.

Wanda na fi so ka zauna da shi shi ne Scheherazade na Rimsky-Korsakov, mutumin Rasha, wanda ya rubuta a 1888. Nemi ɗaukar Fritz Reiner da makaɗan Shikago ta 1960, a jerin da kamfanin RCA ya kira Living Stereo. Dalilina biyu ne. Na farko, labarin namu ne tun kafin ya zama nasu, Dare Dubu da Ɗaya ne. Da an fara za ka ji manyan ƙahoni sun sauko da nauyi kamar takun mai mulki, wannan Sarki Shahriyar ne. Sai a yi tsit, sai goge guda ɗaya tilo ya taso siriri yana lanƙwasa, wannan Shaharzad ce ta buɗe baki za ta fara tatsuniya don ta kwana da rai. Mai gogen a wannan ɗauka sunansa Sidney Harth. Kashi huɗu ne: teku da jirgin Sindbad, labarin ɗan sarkin da ya zama almajiri mai yawo, saurayi da budurwa 'ya'yan sarauta, sai bikin Bagadaza da fashewar jirgi a kan dutse. Duk inda labari zai juya, gogen nan yana dawowa, kamar mai cewa ga ta nan ga ta nanku. Dalili na biyu, ɗaukar. Saurari kashi na biyu, inda ake miƙa karin daga mai busa zuwa mai busa, kowa da wurin zamansa da launin muryarsa. Sannan kashi na huɗu, inda masu kakaki ke sara harshe da saurin da ba ka zaci ɗan Adam zai iya ba, kuma duk da gudun, ba wanda ya taka wani. Minti arba'in da biyar ne. A ƙarshe sarkin ya huce, gogen ya hau can sama ya tsaya a kan zare ɗaya har ya ɓace. In fanka tana aiki ba za ka san lokacin da ya ƙare ba.

Za ka yi mamaki ina tura ka ga abin da aka ɗauka shekarar da muka sami mulkin kai. Ai nan sirrin yake. Mutanen wancan zamani ba su da teburin haɗa sauti mai layi arba'in, don haka dole suka koyi inda za su rataye makirufo. A watan Maris na 1954, shekara huɗu kafin faifan sitiriyo, mai raba sauti hagu da dama, ya shiga kasuwa, injiniyoyin RCA sun ɗauki Reiner yana jagorantar Also sprach Zarathustra na Richard Strauss da makirufo biyu rak, kuma har yau ana sayar da ita. Kamfanin Mercury, ƙarƙashin injiniya Robert Fine da matarsa Wilma Cozart, uku suke ratayewa a gaban makaɗa, su saita, su cire hannu, ƙarfi da rauni su bar wa madugu. Decca a Ingila su ma uku ne a kan wani ƙarfe mai reshe, sama da kan madugu da kamar mita uku, har ana kiransa bishiyar Decca. Daga baya, da kayan aiki suka yawaita, wasu kamfanoni suka koma dasa makirufo gaban kowane rukuni, injiniya ya zauna yana ɗaga wannan yana sauke wancan. Sai ka ji sarewa ɗaya ta yi girman ƙahoni huɗu. Miya ce da aka dafa kowane kayan haɗi a tukunyarsa, aka zo aka gauraya a kwano.

Daga Mercury ɗauki The Firebird na Stravinsky, Antal Doráti da London Symphony, wanda aka ɗauka a zauren garin Watford a 1959. Farkonsa jarrabawar shirun ɗakinka ce: manyan goge suna rarrafe can ƙasa, babbar ganga tana gunji a hankali kamar hadari yana haɗuwa ta gabas. Za ka ɗan ji shuuu na tef a bayansa, kada ya dame ka, shekarunsa ne. Irin wannan ma akwai abin dariya a faya-fayen da aka ɗauka a Kingsway Hall na Landan, zauren da injiniyoyin Decca suka fi ƙauna: jirgin ƙarƙashin ƙasa yana bi ta kusa da shi, kuma a wasu wuraren shiru ana jin rugugin wucewarsa. Ranar da ka kama wannan rugugin a faifai, ka san sifikunka ba su da laifi.

In kana son jin abin da zaure ke yi wa sauti, nemi Symphony No. 3 na Saint-Saëns, mutumin Faransa, ɗaukar Charles Munch da makaɗan Boston ta 1959. Zauren nasu an buɗe shi a 1900, kuma abokin sana'arka ne ya auna shi, Wallace Sabine, malamin kimiyya a Harvard, wanda ya fitar da lissafin tsawon lokacin da amo ke ɗauka kafin ya mutu a ɗaki. A can kusan daƙiƙa biyu ne. Kowa yana jiran wurin da ogan, babban abin kiɗa mai bututun iska, ke faɗowa da ƙarfi a kashin ƙarshe, amma ni wurin da na fi so shi ne inda ya fara shigowa a sanyaye, ƙasa ƙwarai, ba ka jin sa da kunne sosai sai dai ka ji kujera tana ɗan motsi. In ƙofar kabad ko gilashin taga ya yi kaɗawa a nan, cusa masa takarda.

Na zamanin dijital kuwa, wanda babu shuuu ko kaɗan, Daphnis et Chloé na Ravel, Charles Dutoit da makaɗan Montreal ta Kanada, 1980, an ɗauka a wani ginin coci a Saint-Eustache saboda kyawun amonsa. Akwai mawaƙa a ciki amma ba kalma suke furtawa ba, aaa kawai suke ja. Farkon kashi na uku fitowar alfijir ne, sarewa suna gudana kamar ruwa, tsuntsaye suna farkawa ɗaya ɗaya, haske yana ƙaruwa har ya cika ɗaki. Sai Symphonic Dances na Rachmaninoff, Eiji Oue da makaɗan Minnesota, 2001, aikin injiniya Keith Johnson na Reference Recordings, wanda tamburansa ke dukan ƙirji. Wannan kamfanin ne kuma ya fitar da Symphony No. 5 na Shostakovich da Manfred Honeck da makaɗan Pittsburgh, wanda ya ci kyautar Grammy biyu a 2018, ɗaya ta kiɗa, ɗaya ta ɗaukar sauti. An rubuta shi a 1937, lokacin da Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet, ke kwashe mutane cikin dare, kuma a kashi na uku ba ƙaho ko ɗaya da ke busawa, makoki ne zalla. Wannan ba na ranar da rai ke ɓace ba ne.

Akwai wanda kowane mai sabuwar sifika ake zuga shi ya sa, 1812 Overture na Tchaikovsky. Doráti ya ɗauke shi a 1958 da igwa ta gaske daga makarantar sojan West Point, kamfanin Telarc kuma ya sake yi da Erich Kunzel a 1978, da ƙarfin da ya riƙa fitar da allura daga kan faifai, har suna rubuta gargaɗi a jikin kwali. Malam, rufa wa kanka asiri. A wannan zamani da fashewar tayar mota ke sa unguwa ta watse, kada a ji harbin igwa daga gidan tsohon malami a Mabera.

Wani abu kuma, tunda garin malamai muke. Hukuncin sauraron kiɗa ba fagena ba ne, ka san malamanka ka san abin da ka tsaya a kai. Abin da zan iya gaya maka shi ne da yawa daga manyan ayyukan nan waƙoƙin ibadar Kirista ne, musamman masu suna Mass ko Requiem ko Passion. Duk waɗanda na lissafa maka babu mai kalmomin ibada a ciki, sai dai shi 1812 ɗin da na hana ka yana buɗewa da karin wata addu'ar cocin Rasha. Kuma ba sai na ce a kashe in an kira salla ba.

Ina jin tsoron abu ɗaya game da kai, don na ga ya kama wasu. Mutum ya fara da son kiɗa, ya ƙare da son sifika. Sai ka same shi da faifai biyar, minti ɗaya ɗaya yake sawa, daga wurin ganga zuwa wurin ganga, yana kallon fuskar baƙo. Maganin wannan yana gidanka. Waƙoƙin Narambaɗa da suka rage mana, wace irin ɗauka gare su? Kotson yana dusashe, 'yan amshi kamar daga cikin rijiya, an kwafa daga kaset zuwa kaset har ba adadi. Wa ya taɓa kashewa saboda haka? Don haka ka sa Symphony No. 5 na Beethoven a jerinka, ɗaukar Carlos Kleiber da makaɗan Biyana ta 1974. Sautinta bai kai na waɗancan taushi ba, gogen yana da ɗan kaifi, amma wutar da ke cikinta ba ta bari ka tuna da sifika. Ka kuma nemi African Suite na ɗan ƙasarmu Fela Sowande, haifaffen Abeokuta, wanda ya rubuta a 1944 da karin waƙoƙin Afirka ta Yamma. Akwai ɗauka mai tsabta da Mario Bernardi ya yi da makaɗan gidan rediyon Kanada na Vancouver.

Zan kuma faɗa maka wata gaskiya da ba kowa zai faɗa ba. Ko da komai ya daidaita, ba lalle ka ji daidai abin da ka ji a Zariya ba. Kunnen saurayi yana kamo girgiza har 20,000 a daƙiƙa, namu na masu furfura ya daɗe da sauka daga can. Kuma wancan yaron bai taɓa jin irinsa ba, ga shi baƙo a gidan malami, ga ƙuruciya. Rabin abin da kake tunawa shekara ashirin ce, ba amfilifaya ba.

Inda za ka samu: abin da kake nema shi ne CD na asali, ko fayil nau'in FLAC, wanda ke rage girma ba tare da zubar da komai ba. Awa ɗaya ta FLAC tana cin megabait 300 ko kusa, ta MP3 ɗin yaron ba ta kai 60 ba, ka ga inda sauran suka tafi. Apple Music yana ba da sauti marar asara tun 2021, yana aiki a wayar Android ma, amma sai an shiga saiti an kunna. Sauke faifan sau ɗaya ya zauna a waya, kada ka riƙa jawo shi kullum data ta ƙare. Ka haɗa wayar hannu da amfilifaya ta igiya, ba ta Bluetooth ba, don shi ma matsewa yake. In kana da tsohon ɗalibi a Ingila ko Amurka, CD na hannu na irin wannan kiɗa arha ne ƙwarai a can, kuma yawancin waɗanda na ambata an buga su sau da yawa, goma ba za su cika aljihun jaka ba. Baƙin faifai mai allura kuwa kada sha'awar da ta ja ka. Zafinmu yana lanƙwasa shi, ƙurar hunturu tana maƙale masa, ka ƙare da tas tas kamar ana suyar gyaɗa.

Na bar maganar Hajiya ƙarshe don ita ce ba ta gyaruwa da darduma. A wasiƙarka ka sa fushinta a jeri ɗaya da wayoyi da memori, kamar ita ma wani ɓangare ce na na'urar da ya ƙi aiki. Ba kiɗan take ƙi ba. Kuɗin sallama sau ɗaya ake biyan sa a rayuwa, ita ma shekarun nan ta yi su tare da kai, da albashin da ke makara da wanda ba ya kai ƙarshen wata, ga gado da katifa da kujeru da kayan kicin na yarinya suna jiran ta, kuma idon dangi a kanta yake, ba a kanka ba. Sannan ka rage mata farashi. Ina tabbatar maka ta san ka rage, mata suna da hanyar sanin kuɗin abu ko daga kwalinsa. Zaunar da ita a ɗaki, ba gaban yara ba, ka faɗi adadin yadda yake, ka ce ka yi kuskuren rashin shawara. Ka kawo takarda ku rubuta abin da ya rage da abin da bikin zai ci, ka damƙa mata kason kayan ɗaki a hannunta tun yanzu. Ka yi mata alkawarin ba za a ƙara sayen ko fulogi ba sai an kai amarya. In lissafin ya nuna gibin da ba ya cikuwa sai da kuɗin sifikun, to a nan na janye maganata ta farko, ka sayar, 'yarka ta fi su, abin sawa a kunne mai kyau zai riƙe ka.

In kuma lissafi ya tashi, fitar da kayan daga falonta ka mayar turakarka. Ƙaramin ɗaki ya ma fi sauƙin gyara, kuma ka zaɓi bangon da ba ya haɗe da na maƙwabci. Shi ma ka taka da ƙafarka ka ba shi haƙuri, tunda yaro ya aiko, ka tambaye shi lokacin da ba ya gida. Kada ka tilasta wa Hajiya sauraro, kada kuma ka yi mata lacca, ta sha laccarka shekara talatin. Amma ka bar na'urar ta yi mata aiki ita ma: karatun alarammanta da safe, shirin rediyon da take bi, waƙoƙin da aka yi a nata bikin. Wata rana cikin sanyi, in ta shigo da shayi ta tarar gogen nan yana magana, gaya mata mace ce ke ba sarki labari don kada ya yanka ta da asuba, ka ja mata kujera. Ka ba ta ta tsakiyar, inda kusurwa ukun ta haɗu, kai ka koma gefe.